Maifai da Kakar Raguna

Sau biyu ina shiga ajin yaƙi da jahilci a Babban Mutum, sau biyu raguna suna fitar da ni. Sana'ata fataucin dabbobi ce, a hannun mahaifina na koya. Idan Babbar Sallah ta rage mako shida, mai irin sana'ata ba ya kwana a ɗakinsa. Yau kana Mai'adua, jibi kana Mashi, gata kana bakin iyaka kana jiran garken da zai ƙetaro daga Nijar. A shekarun nan kuwa jarrabawar ajinmu tana faɗowa ne 'yan kwanaki bayan Sallah. Sai in dawo da kumburarrun ƙafafu in tarar an wuce ni, an kai sunaye ofis babu nawa. Shekara ta zagayo in sake zama da sababbin shiga muna jan baƙaƙe da wasula, kamar ban taɓa ganinsu ba.

A karo na uku na riga na haura hamsin. Malaminmu matashi ne mai sanyin magana, sa'an ɗana na fari. Yana ce mini Baba, ina ce masa Malam. Wata ranar Asabar da aka tashi daga aji sai ya ce in dakata.

"Baba, bana ma tafiyar za ka yi?"

"Malam, in ban tafi ba me za a ci a gida?"

Ya goge allo tsaf kafin ya juyo. Ya ce, "Gaskiya zan faɗa maka. Wurin zama kaɗan gare ni, kuma akwai masu jira. In ka fita bana, ba zan iya sake karɓarka ba."

Ban ga laifinsa ba.

Ya ce, "Amma ga wata dabara. Kowace Asabar zan ɗauki hoton allo in turo maka a waya, in haɗa da bayani da muryata. Ka yi aikin a littafinka, ka ɗauki hoto, ka turo mini kafin la'asar ranar Alhamis. Mako shida za ka yi. In ka rasa biyu zan kau da kai. In ka rasa na uku, sunanka ba zai je ofis ba."

Na ce na yarda. Sai da na hau babur ina hanyar gida na tuna da halin wayata.

Babbar waya ce mai kyau, 'yata da ke aure a Kano ta ba ni. Sai dai ƙauyenmu yana wani kwari ne da sabis ba ya son sauka. Rabin lokaci ma wayar na Nijar take kamawa, ta turo maka saƙon maraba da Faransanci alhali kana zaune a tsakar gidanka. In kana son hoto ya buɗe sai ka fita bayan gari, ka hau tudun da ke kusa da kuka, ka tsaya kamar mai neman wata. A kasuwannin bakin iyaka kuwa ba a magana. Abin ya yi ta juyawa yana juyawa har ka gaji ka mayar aljihu.

Ranar da na shiga Daura sayen dusa sai na biya ta wurin wani mai shagon waya, na ce ya duba mini ita. Ya jujjuya ta ya ce lafiyarta ƙalau, kunnenta ne ba shi da ƙarfi. Ya jawo wani ɗan kwali daga ƙasan tebur ya fito da wata 'yar na'ura baƙa, girmanta bai wuce sabulun wanka ba.

"Alhaji, maifai ake ce mata. Layinka za ka sa mata. Ita ke kamo sabis ta raba wa wayoyi, kuma kunnenta ya fi na wayarka nesa ba kusa ba. A gida ka rataye ta sama, kowa ya sha. In tafiya za ka yi, kunna ta ka jefa a jaka, ba sai ka riƙe a hannu ba."

Na ce, "Me take ƙi?"

"Abu biyu. Kada ruwa ya taɓa ta, kada ta faɗi. In za ka ba da caji kuma ka kashe ta tukuna."

Na maimaita masa sau biyu don in tabbata na riƙe. Ya cire layin da nake sayen data da shi daga wayata ya sa mata, ya bar mini tsohon layina na kira. Ya rubuta lambar sirri a takarda da manyan baƙaƙe, na ninke na sa a cikin hula.

Da la'asar sakaliya na isa gida. Na sa maifai a cikin wata tsohuwar safa, na ɗaure a kan gwangwala, na jingine a jikin rumbu. Maiɗakina tana tsaye riƙe da muciya tana kallona.

"Maigida, yau kuma tsuntsu za ka kama?"

"Kawo wayarki ki gani."

Na zauna a kan turmi na shigar mata da lambar, baƙi bayan baƙi, ina dubawa a takarda. Na danna sunan 'yarmu. Ba a yi ƙara uku ba sai ga fuskarta ta cika gilashi, tana goye da jikanmu da rabonmu da shi tun ranar suna. Maiɗakina ta saki muciya a ƙasa.

"Ke! Sauko da shi. Juya shi in ga ƙeyarsa. Kai, kai, kai, haƙori ne wannan? Maigida, zo ka ga kunne, wallahi na gidanku ne, kamar faifai."

'Yarmu tana dariya tana cewa, "Inna, ki matsar da wayar, hancinki kaɗai nake gani."

Tuwon ranar ya kama. Muka ci abinmu da ƙauri.

Kafin kwana uku labari ya zaga unguwa. A wurinmu in maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta ba a hana ta, to haka matan suka ɗauki wannan ma. Sai ka ji sallama, a gaisa, a tambayi yara, sannan a zaro waya daga gefen zane a ce a ɗan ɗiba mana. Maiɗakina ta leƙo zaure ta ce in shigar musu. Nan na fara ganin ranar karatuna a gaban mutane. Ni ne da takarda a hannun hagu ina neman baƙaƙe da ɗan yatsa, ana jirana, ba mai gaggauta ni. Wata tsohuwa ta ga ɗanta da ke aiki a Fatakwal, ta yi masa faɗan ramar da ya yi har sai da batir ya mutu.

Har taubashina ya zo. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, tare muka tashi, tare muke fatauci. Tun muna yara kowannenmu yake kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Bai taɓa sayen data ba a rayuwarsa. Ya miƙo mini wayarsa yana kallon gefe.

"Bawana, sa mini. Bawa ya saya, ubangida ya sha."

"Yau kai ne da roƙo a ƙofar ubangidanka?"

"Sa mini kawai, ɗan makaranta. Ka ga gemu fari fat, wai a, ba, ca."

Na sa masa.

Ranar tafiya maiɗakina ta tsaya tana kallo ina kwance safa daga gwangwala.

"To ni da jikana fa?"

"Mako shida ne."

"Allah ya kiyaye hanya. Ka kula da ita. Kai ma ka kula da kanka, in ka samu sarari."

Damina ta riga ta faɗi, an yi ruwa biyu. Na zauna ina tunanin abu biyun da mai shago ya ce. Wanda bai taɓa hawa motar raguna ba ba zai gane ba. Ruwan sama daga bisa, fitsarin dabbobi daga ƙasa, ga tunkuyi, ga gargada. A sana'armu duk abin da ba a so ya jiƙe ko ya fashe, gwangwani ake sa shi, irin babban gwangwanin madarar gari mai murfin ƙarfe da ke kamawa gam. A ciki muke ajiye allura da maganin tsutsa da takardun dabbobi. Haka na ga mahaifina yana yi. Sai na nemo wani gwangwanin irin na allurata, na wanke, na shanya, na shimfiɗa masa tsumma mai laushi, na kwantar da maifai a ciki. Da na rufe na girgiza ban ji motsi ba, sai hankalina ya kwanta.

Asabar ta farko a Mai'adua ta same mu. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Na buɗe gwangwani, na danna maifai, fitilarta ta kawo. Na rufe murfi da kyau na mayar jaka. Na wanke hannu, na samu inuwa, na shimfiɗa buhu, na buɗe littafi, na fiƙe fensir. Sai da komai ya kammala na kunna waya, don a hanya kashe ta nake yi saboda batir.

Babu komai.

Na jira. Jira bai taɓa damuna ba. Na sha tsayawa wuni guda a kan rago ɗaya har mai shi ya sauko. Na ce wataƙila mutane ne suka yi yawa a kasuwa. Washegari na sake, jibi na sake. Ranar Laraba na hau can saman mota, na ɗaga gwangwanin da hannu biyu bisa kaina kamar yadda nake ɗaga gwangwala a gida. Taubashina yana ƙasa yana cin gyaɗa.

"Bawana, roƙon ruwa kake yi? Sauko, an riga an yi shuka."

"Kai dai riƙe mini igiya."

"Jama'a, ku zo ku ga ɗan makaranta yana kiran malaminsa da gwangwani!"

Alhamis ta zo ta wuce. Na ce ba komai, ɗaya ne.

Mako na biyu a Kongolam muka yi shi, muna jiran dabbobi su ƙetaro. Nan kam na ɗora wa iyaka laifi, na ce sabis ɗin Nijar ne ya danne namu. Kullum da safe in kunna maifai, in rufe gwangwani, in zauna da littafi a buɗe. Da yamma in kashe ta in kai wa mai caji. Don kada zaman ya tafi a banza sai in riƙa kwafe tsofaffin darussa, ko in karanta rubutun jikin motoci. Amma sabon aiki bai zo ba, kuma saƙon Malam a wayata kaɗai yake sauka, ba zan iya karɓarsa ta wayar wani ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar tsohon layina ya yi ƙara. Malam ne, muryarsa tana yankewa.

"Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Malam. Na'urar ce ta ƙi."

"Na turo duka biyun, ban ga alamar sun shiga ba. Biyu ke nan, Baba."

"Na sani, Malam."

"Ni na yarda da kai. Amma ofis aiki suke so su gani, ba za su karɓi labari ba. Alhamis mai zuwa da la'asar zan rufe sunaye."

Kafin in amsa layin ya yanke. Na mayar da wayar aljihu. Taubashina ya dube ni ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa, ya tashi ya je ya ba raguna ruwa, har da nawa.

Na yi tunanin in bar komai in hau mota zuwa Daura in mayar wa mai shago kayansa. Amma dabbobin da ke hannunmu ba namu ne mu kaɗai ba, akwai na mutanen da suka ba mu amana, kuma mutum ɗaya ba ya iya kora da lodi. Na ce in mun isa Mashi, nesa da bakin iyakar nan, wataƙila ta farfaɗo.

Muka isa Mashi. Asabar shiru, Lahadi shiru, har Laraba. Ranar Alhamis da safe na kunna ta kamar kullum, na rufe, na kunna waya na sa a aljihun gaba. Ban ma buɗe littafi ba. Na ce wa raina shi ke nan, Allah bai nufa ba, na dai iya rubuta sunana da na garinmu, wannan ma ba kaɗan ba ne. Ina faɗa wa kaina haka, amma ko kunu na kasa sha.

Bayan azahar muna zaune a gindin wata bishiyar bedi, kusa da wata dattijuwar Bafulatana mai fura da nono. Sai wani farin rago daga cikin namu ya fara tari yana sunkuyar da kai. Taubashina ya ce bari ya yi masa allura. Ya jawo jakata ya zura hannu ya ɗauko gwangwani, ya sa gefen wuƙa ya ɓalle murfi.

"Af, wannan ai gawar maifai ce, ba allurar ba."

Ya ajiye shi a buɗe a kan buhu ya koma lalube a jaka. Bai kai ga ɗauko ɗayan ba sai na ji ƙirjina yana rawa. Wayata ce. Ƙyar, ƙyar, ƙyar, ba tsayawa. Tasa ma da ke aljihun wando ta ɗauka, har ya yi tsalle ya zaci kunama ce.

Na zaro waya. Ga hotunan allo suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na danna saƙon murya na ƙarshe, ya fara sauka. Taubashina kuwa, don ya ga hadari yana haɗuwa a gabas, sai ya miƙa hannu ya rufe gwangwanin gam. Abin ya tsaya cak a tsakiya.

Na ce, "Me ka taɓa?"

"Ni? Rufewa kawai na yi."

"Buɗe."

Ya buɗe. Muka ƙura wa waya ido. Can sai ta ci gaba.

"Rufe."

Ya rufe. Ta tsaya.

Muka dubi juna. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa, sau uku, mu biyu dattawa da furfura durƙushe a kan gwangwanin madara. Mai furar nan da ke kallonmu tun ɗazu ta ajiye ludayi.

Ta ce, "Alhaji, ai ko mutum kuka rufe haka ba zai yi magana ba."

Taubashina ya faɗi a kan buhu yana dariya yana dukan ƙasa. "Mako uku! Mako uku ka kulle baiwar Allah a kurkuku kana zagin Nijar! Har saman mota ka kai ta a ɗaure! Wayyo cikina!"

Ni ma dariyar ce ta kama ni, har hawaye. Wani direba da ya matso jin abin da ake ciki ya ce ai ƙarfe tare sabis yake yi, kowa ya sani. Taubashina ya ce, "Kowa ban da ɗan makaranta."

Sai iska ta kaɗa, na tuna da ruwa, na tuna da la'asar. Na ce to yanzu ina zan sa ta? A waje ruwa, a ciki kurkuku. Mai fura ta taso. Ta ɗauko ƙoƙo biyu busassu daga cikin kayanta, ta sa maifai a ɗaya, ta kife ɗayan a kai ya rufe bakinsa, ta zura su a 'yar ragayar da take rataye ƙwaryar man shanu, ta miƙo mini.

"Rataya a reshe. Duma ba ya hana numfashi."

Na rataya. Waya ta ci gaba da aikinta. Na ce nawa zan ba ta, ta ce in sha fura kawai in biya kuɗin furar.

Na saurari muryar Malam. Aikin mako na uku shi ne mutum ya rubuta jimla biyar a kan kansa da inda yake, da hannunsa, ba kwafe ba. Ban taɓa rubuta abin da ba a allo yake ba. Na duba rana, inuwa ta fara tsawo.

Daidai lokacin wani mai saye ya tsaya a kan manyan ragunana biyu yana taɓa gadon bayansu. Na yunƙura zan tashi. Taubashina ya danna kafaɗata.

"Zauna. Yau ubangida zai yi wa bawansa ciniki. In ka ɗago kai daga littafin nan sai na sayar da su a kuɗin akuya."

Yayyafi ya fara. Na shige ƙarƙashin motarmu da buhuna, na kwanta rub da ciki, littafi a gabana, ƙafafun raguna suna kai da kawowa ta gefe. Ina jiyo muryar taubashina yana rantse-rantse yana yabon ragunan da jiya ya ce ƙashi ne da fata. Na rubuta jimlar farko. Na goge. Na sake. Ban yi sauri ba, don na san in na yi sauri hannuna tsallake baƙi yake yi. Ni falke ne. Ina sayen raguna. Yau muna Mashi. Hadari ya taso. Huɗu ke nan. Ta biyar ta ƙi zuwa. Na ciji fensir ina kallon ƙafafun taubashina cikin takalman roba, sai ta zo da kanta. Na rubuta ta a hankali, na ƙawata kowane baƙi.

Na fito zan ɗauki hoto. Na kira taubashina na ce ya riƙe mini littafin. Shi makarantar allo ya yi, ajami yake karantawa, boko ko sunansa ba ya ganewa. Ya goge hannu a riga, ya buɗe littafin a ƙirjinsa, ya gyara hula, ya washe baki.

"Ɗauka har da ni, Malam ya ga wanda ke ciyar da kai."

Na ɗauka har da shi. Na tura. Muka sa kai a kan wayar mu biyu, ruwa yana ɗiga daga ganyen bedi, ƙoƙo yana lilo a reshe. 'Yar alamar ta juya, ta juya, sannan ta nuna ya shiga. Muka je muka yi alwala, ba a jima ba aka kira sallah.

Muna fitowa daga masallaci saƙon murya ya shigo. Na ƙara sauti don ruwa yana bugun kwano. 'Yan kara, masu cinikin dabbobi irinmu, uku ko huɗu suka matso.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Na gani, kuma na sa sunanka. Jimla ta huɗu ka manta ɗigo a ƙarshe. Bari in karanta maka yadda ka rubuta." Ya karanta huɗun farko. Sai na ji yana danne dariya. "Ta biyar kuma: Wanda ya riƙe littafin nan bawana ne."

Wurin ya ɗauki ihu. Direban nan har da tafi. Taubashina ya tsaya baki buɗe.

"Ni? Da hannuna? Ina murmushi?"

Na ce, "A rubuce yake. Har ofis za a kai."

"Wallahi sai na shiga ajin nan na rubuta maka amsa! Shafi biyu!"

Har yau bai shiga ba, amma duk takardar da zan ba shi ya riƙe sai ya kai wa wani ya karanta masa tukuna.

Sauran makonni ukun suka tafi salin-alin. A hanya ragaya tana rataye a ƙarfen saman mota, a kasuwa kuma a reshe ko a jikin turke. 'Yan kara suka gane ta, in sun hango ƙoƙon sai su taho da wayoyinsu su zauna a inuwarsa. Na yi aikin kowane mako tun ranar Litinin, na kuma koma na yi biyun da suka wuce ni ko da Malam bai nema ba. Wani a kan buhun dusa na yi shi, wani a kan gwiwata mota tana tafiya, rubutun ya fito kamar sawun kaji, Malam ya ce in sake. Na sake.

Ana jajibirin Sallah muka dawo. Ƙoƙo ya hau gwangwala a jikin rumbu, safa ta huta. Ranar Sallah maiɗakina ta sa 'yarmu ta nuna mata kayan da aka ɗinka wa jikanmu gaba da baya, ta ce wandon ya yi tsawo.

Ranar jarrabawa na yi wanka na sa fararen kaya. Wani mutum daga ofis ya tsaya a ƙofa yana kiran sunaye daga takarda, wanda ya ji nasa ya shiga. Na ji nawa, na ce na'am da ƙarfi har aka waiwayo. Ni ne na ƙarshe da ya miƙa takarda, mai gadi yana tsaye da makulli yana jirana.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Malam bai gaya mini ba. Ya liƙa takardar a jikin ƙofa ya ce kowa ya nemo kansa. Na sa ɗan yatsa na bi layi-layi daga sama. Na wuce sunaye da yawa, sai can kusa da ƙasa na gan shi, da kalma ɗaya a gefensa. Na karanta ta sau uku kafin in ɗauke yatsa.

Asabar ta gaba aka ba mu littafin aji biyu. Ya fi na farko kauri, rubutunsa ƙanana, kuma shafin farko babu hoto ko ɗaya. Malam ya fara karantawa. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, a ɗan sassauta, muna tafe."